Bar Mini Wannan

Daren Alhamis na jiƙa lallen
a kwanon shan nan mai lanƙwasasshen baki.
Sau biyu na tankaɗe shi da tsohon ɗankwali
don kada tsakuwa ta kwana a kan Inna.

Garin amla kuwa a leda ya zo,
daga shagon Lawandi na bakin Ƙofar Guga.
Ya ce daga Indiya ake kawo shi,
ɗan itace ne, a shanya, a daka.
Na lasa. Tsami ya riƙe mini muƙamuƙi
kamar tsamiyar da ba ta nuna ba.
Ya ce, "Cokali ɗaya kan uku na lalle,
sai jan ya kwanta, ya daina ihu."

Don lalle shi kaɗai ba shi da kunya.
Bara da na sa mata shi tsura,
jikoki suka raka ta da dariya har zaure,
wai kan Inna ya koma gemun Alhaji Buwa.
Mako uku ba ta cire kallabi ba,
ko a ɗaka.

Hantsin Juma'a, gindin darbejiya,
ta zauna a tabarma, ni a kan turmi,
kanta tsakanin gwiwoyina
inda nawa ya saba zama tsakanin nata.
Na tsefe shuku, na tsaga, na duba:
fari ya ci gari, baƙi na gudun hijira.

Ƙamshin kwaɓin ya tashi,
ƙamshin gona bayan ruwan farko.
Na ɗebo da yatsa, na bi tsaga tsaga,
sanyi ya taɓa ta, ta ɗan ɗaga kafaɗa.
Ta ce, "Hansai, hannunki ya yi nauyi."
Haka nake ce mata
sa'ad da nake 'yar shekara shida.

Na gama ƙeya, na gama tsakiya,
na zo gefen kunnen hagu,
inda furfura ta taru wuri ɗaya
fara fat, kamar an ɗiga nono.
Sai ta kama wuyan hannuna.

"Bar mini wannan."

Na ce, "Inna, ai sai ya yi dabbare-dabbare."
Ta ce, "Sauran duk na shekaru ne,
sun shigo ba sallama, ki rufe su.
Wagga kuwa na san ranar zuwanta.
Shekarar da ƙyanda ta kwantar da ke,
kwana tara ina zaune a asibiti,
ba kya ganewa, ba kya kuka.
Ran na goma kika ce kina son koko.
Na dawo gida, na duba madubi,
na iske ta nan.
Ba a shafe rasit, ɗiyata,
ko an gama biyan bashi."

Lalle ya bushe a yatsuna ina tsaye.
Kaza ta zo ta leƙa kwanon, ta wuce.

Na kewaye wurin a hankali,
yadda manomi ke kewaye kabari a gona.
Na naɗe kan da leda, na ɗora tsumma.
Ta yi gyangyaɗi har aka kira salla.

Da la'asar muka wanke.
Ruwan ya bi rariya, kore-kore, ja-ja.
Na murza man kaɗanya har tafina ya yi ɗumi.
Lawandi bai yi ƙarya ba:
launin ya fito kamar bayan dabino,
ya yi laushi, matsefi na wucewa ba gardama,
jikoki suka leƙo, suka rasa abin faɗi.

Farin nan kuwa yana nan a gefe,
jinjirin wata kan ginin ƙasa.

Da dare, ina wanke kwanon,
na tsinci kaina a madubin taga,
ina ɗaga gashin gefen kunnena
ina nema.
Ɗana yana tari a ɗaki.